Filashin Ɗin Inna Tambaya

Akwai wani mai sayar da hatsi a kasuwar Tambuwal, sunansa Dawuda. In ka taɓa shiga layin 'yan gero ka ga wani dogon mutum yana awo da hannu ɗaya, ɗaya hannun kuma yana dafe da waya a kunne, to shi ne.

Mutum ne mai sauƙin kai da yawan dariya, kuma Allah Ya rufa masa asiri daidai gwargwado. Matarsa Raihanatu tana koyarwa a Islamiyyar unguwarsu, suna zaune lafiya da 'ya'yansu.

Abu ɗaya kowa ya san Dawuda da shi: ba a yi masa filashin ya ƙyale. Ko lambar wa ce, ya santa ko bai santa ba, wayar na yin ƙara ta katse zai bi kiran. Maƙwabtansa na rumfa har tsiya suke masa, wai ko aljani ne ya yi masa filashin sai ya kira ya tambaye shi ya iyali.

Amma yana da dalilinsa, kuma dalilin nasa yana Kebbe.

Mahaifiyarsa, Inna Tambaya, tsohuwa ce mai ƙarfin hali da kafiya. Tun bayan rasuwar mahaifinsa yake lallashinta ta dawo Tambuwal, ta ce ba inda za ta je ta bar ɗakinta da awakinta da tukunyar daddawarta. Ya ce to, ga waya. Ta farko sai ta naɗe ta a tsumma ta sa cikin kwalla ta rufe, wai kada ta lalace, har batirin ya kumbura. Ta biyu kuwa wata baƙuwa ce ta yaba kyaunta, Inna ta ce ta ɗauka. Daga nan Dawuda ya haƙura.

Abin da ta yarda ta riƙe shi ne lambarsa. Ta haddace ta tsaf, tana karanto ta ba gargada. In ta so jin ɗanta, sai ta fito ƙofar gida ta tare duk wanda Allah Ya kawo, ko mai tallan albasa, ko makiyayin da ya biyo da shanu, ko malamin makaranta da ke wucewa a kan babur.

Ta ce, "Ɗan nan, ara mani wayakka. Ba ni cin katinka, taɓawa ɗai za ka yi. Autana shi ka kira."

Kuma gaskiyarta. Kafin mai wayar ya mayar da ita aljihu, kiran Dawuda ya shigo. Da wannan Inna take taƙama a duk unguwar, har mata suna cewa kowa ya haihu, amma Tambaya ta haifi mai jin kira.

Wani lokaci kafin ya kira ta tuna ta bar tukunya a wuta, ta koma ciki. Sai mai wayar ya ce, "Riƙe, bari a kai mata." Dawuda ya riƙe, yana jin kukan kaji da ƙarar daka da takun mutum yana sallama a zaure. Ya saba da wannan jiran, bai taɓa damunsa ba. In Inna ta karɓa, hirar ba ta wuce akuya ta haihu, ko rufin ɗaki na yoyo, ko ta yi mafarkin ya rame.

Haka suke, kowa hankalinsa kwance, har wata ranar kasuwa a farkon kaka.

Rumfa ta cika, Dawuda yana ta awo, sai wayar ta yi ƙara sau ɗaya ta katse. Bai ko dubi lambar da kyau ba, ya danna ya maƙale ta a kafaɗa.

Aka ɗauka. Muryar mace ta yi sallama. Dawuda ya amsa mata cikakkiya, ya tambayi kwana, ya tambayi gajiya, ya tambayi yara, sannan ya ce, "Don Allah a kai ma Inna Tambaya."

Matar ta ce, "Halo? Halo?" Sai ya ji takun tafiya, ya ji an buɗe ƙofa, ga jariri yana kuka can nesa. Ya ce a ransa ana kai mata ne. Ya ci gaba da awonsa yana jira, kamar yadda ya saba. Ya sallami mai saye, ya sallami wani, matar ta sake cewa halo, ya sake cewa yana ji. Can sai layin ya mutu.

Da ya duba, katin da ya sa da safe, wanda yakan kai shi har wata kasuwar, ya ƙare ƙarƙaf.

Da wani ne, da ya tsaya ya yi tunani. Shi Dawuda kukan jaririn ne ya tsaya masa a rai. A gidan wa Inna take? Ko ba lafiya ne aka kai ta wani wuri? Ya sayi wani katin ya sake kira. Aka sake sallama, aka sake takun, jaririn ma ya sake kukansa, kuma wannan katin ma ya bi ɗan'uwansa.

Sai a lokacin ya tuna da lambar Mas'uda, maƙwabciyar Inna, wadda ita kaɗai ce ya ajiye a wayarsa daga mutanen unguwar. Ya ari wayar mai wake na kusa da shi ya kira ta. Ta ce Inna lafiyarta lau, ga ta can tana shanyar daddawa, kuma yau ba ta nemi wayar kowa ba. Dawuda ya yi hamdala, ya ɗora laifin a kan sabis, ya manta da zancen.

Bayan kwana biyu aka sake taɓa shi da irin wannan lambar, ya sake bi, aka sake wanke shi.

Ran nan abokinsa Mudassir, wanda ke aiki a sakatariyar ƙaramar hukuma, ya biyo sayen gero. Ya tarar da Dawuda yana ta mita, wai kati ya zama kamar ruwa a kwando.

Mudassir ya ce, "Tsaya. Wata mata ta yi maka sallama?"

Dawuda ya gyaɗa kai ya ce, "Awo."

"Da jinjiri yana kuka?"

Dawuda ya ajiye kwanon awo. "Kai ina kas san ta?"

Mudassir ya fashe da dariya har yana dafa buhu. "Ni ma ta gaishe ni, wancan sati! Mu uku ta gaida a ofis ɗinmu. Malam Dawuda, ba mata ba ta, rikodin na. Duba lambar da kyau."

Suka haɗa wayoyinsu. Lambobin dogaye ne, da alamar tarawa a gaba, kuma abin da ya biyo bayanta ba na ƙasar nan ba ne. Mudassir ya ce wani da ya san harkar ya yi musu bayani a ofis. Wasu ɓata-gari ne a wata ƙasa suke karɓar layi mai tsadar kira, su sa na'ura ta riƙa taɓa lambobin mutane tana katsewa. Duk wanda ya bi kiran, kuɗin kowane minti ninkin-ba-ninkin ne, kuma su ake ba wani kaso a ciki. Muryar da takun da jaririn duk an ɗauke su ne don a riƙe mutum a layi.

Mudassir ya ce, "Ni dai da nij ji halo na biyu nik kashe. Kai fa?"

Mai wake ne ya amsa a madadin Dawuda, don a kunnensa aka yi komai. "Shi? Har gajiya yat tambaye ta! Har cewa yay yi a shafa mai kan yaro!"

Layin 'yan gero ya ɗauki dariya. Kafin la'asar labari ya kai har wajen 'yan albasa. Duk wanda ya wuce sai ya ce, "Dawuda, ya mai jego?"

To, kun san mutum mai dariya, in abin ya juyo kansa ba lallai ya iya ɗauka ba. Asarar katin ba ta ƙona wa Dawuda rai ba kamar yadda tsiyar ta ƙona shi. Shi da yake ganin ba a cutarsa ko a awon tiya, yau ga shi ya durƙusa wa na'ura yana gaisuwa. Ya koma gida fuska a ɗaure, ya ce wa Raihanatu daga yau ya daina. Duk lambar da ba sunan mai ita a wayarsa, ko za ta kwana tana kuka ba zai bi ta ba.

Raihanatu ta ce, "Malam, Inna fa?"

Ya ce, "Inna ta san gidan Mas'uda. In tana bukata ta, ta tai can."

Ta ce, "Ai ba kullum Mas'uda ka zama gida ba. Kuma ba duk baƙuwar lamba ta ɓarayi ba ta. Kai da bakinka kac ce tasu doguwa ta, da wata alama gaba. Ta mutanen Kebbe da sifiri taka farawa, kamar tawa da taka. Dubawa ɗai za ka riƙa yi kamin ka kira."

Maganar gaskiya ce, kuma ya ji ta. Amma mai fushi ba ya son a sauƙaƙa masa abu. Ya ce, "Ke ba ki san su ba. Gobe da wata siffa za su zo. Ni an gama dariya ta a kasuwa."

Raihanatu ta ce Allah Ya kyauta, ta ci gaba da tankaɗenta.

Abin da Dawuda bai sani ba shi ne, a satin nan Mas'uda ta tafi Sanyinna wajen 'yarta da ta haihu, kuma ba ranar dawowa ta sa ba.

Kaka ta kankama. Hatsi yana shigowa daga ƙauyuka, Dawuda ba ya samun zama. Filashin yana shigowa jefi-jefi, lambobi na gida sak, sai ya kalle su ya yi murmushin mugunta ya mayar aljihu. Har cewa yake, "Ku nemi wani, ni na waye." Katinsa ya riƙa daɗewa, yana nuna wa mai wake yana taƙama.

Sau ɗaya ya gwada lambar Mas'uda ya ji ta a kashe. Ya ce matsalar caji ce, gobe zai sake. Goben ta zo da motar dawa, jibi ta zo da wani abin. Ni dai ban ce ya manta da uwarsa ba, don yana sonta har ransa. Ya dai saba ita ke nemansa, shi nasa amsawa ne, kuma da ya toshe hanyar amsawar bai lura cewa babu wata hanyar ba.

Wata hantsi sai ga wani ɗan kabu-kabu ya tsaya a gaban rumfar, magidanci ne, ƙura ta yi masa fari har gira. Ya ce shi ne Ɗanmaliki daga Kebbe, yana neman Dawuda ɗan Inna Tambaya.

Dawuda ya yi sauri ya ce, "Lafiya?"

"Lafiya lau. Saƙo ta ba ni."

Ya miƙo ƙullin leda. A ciki akwai daddawa, irin wadda take aiko masa kullum. A ƙarƙashinta kuma akwai wani ɗan tsumma an ƙulle shi tamau. Dawuda ya kwance da ƙyar. Katin waya ne, sabo, ko kankare shi ba a yi ba.

Ya ɗago ya dubi Ɗanmaliki.

Ɗanmaliki ya ce, "Jiya tas sai da daddawa, tac ce in rakata wurin mai kati, don ba ta san yadda aka saye ba. Tac ce in gaya maka, in kati na yaƙ ƙare maka, ga shi, kak ka ji kunya, kasuwa haka take. In ko wani laifi tay yi maka, ka yafe mata, tsufa na."

Mai wake, sarkin tsiya, ya sunkuyar da kai yana wasa da kwano.

Ɗanmaliki ya ƙara da cewa, "Da wayata ma ta taɓa ka, sau biyu. Munka tsaya muna jira, har nij ji nauyi nit tafi."

Dawuda ya ciro wayarsa ya ce ya karanto lambarsa. Tana nan a jerin waɗanda ya yi wa murmushi ya mayar aljihu. Da sifiri ta fara, ba ta da wata alama, ba ta da wani tsawo. Kunya da baƙin ciki suka rufe shi, idonsa ya kawo ruwa a gaban mutane bai damu ba.

Ya ce wa mai wake ya duba masa rumfa. Ya hau bayan Ɗanmaliki, ko gida bai biya ba, sai a hanya ya kira Raihanatu ya gaya mata. Ba ta ce ai na faɗa maka ba. Cewa ta yi ya gaida Inna, ya kuma tsaya ya saya mata goro.

Duk wanda ya san hanyar Kebbe ya san ba a hira a kanta, riƙe ƙarfen babur ake yi. Amma a inda hanya ta ɗan yi daɗi, Ɗanmaliki ya gaya masa sauran. Ya ce kwanakin farko Inna takan ce wa mai waya a ƙara jira kaɗan, yana cikin awo ne. Daga baya ta koma cewa ƙila sabis ne. Da wata mata ta ce mata 'ya'yan yanzu sai haƙuri, sai ta daina fitowa tarar masu waya gaba ɗaya.

Sun isa bayan azahar. Inna tana tsakar gida tana ba awaki dusa. Da ta ji sallamarsa sai kwaryar ta kusa suɓuce mata. Ta dube shi sama da ƙasa, ta ga ba rama, ba ciwo, sannan ta zauna a kan turmi.

Ta ce, "Auta, kai na? Mi yaf faru?"

Dawuda ya durƙusa a gabanta, ƙato da shi, ya kwashe labari ya gaya mata tun daga farko. Bai rage komai ba, har tsiyar 'yan kasuwa da maganar Raihanatu da ya ƙi ji.

Inna tana saurare, fuskarta ba yabo ba fallasa, har ya zo wajen jaririn. Ta ce, "Tsaya. Wai ba mutum ba na? Kuma kag gaishe ta?"

"Na gaishe ta, Inna."

"Har sau nawa?"

Ya faɗa mata. Sai tsohuwa ta kama dariya, tana yi tana tari tana share ido da gefen zane. "Wayyo ni Tambaya! Ni ina nan ina cewa ɗana ya yi fushi da ni, ashe can shike yana gaida ƙarfe! To ai ni nik koya maka, ban iya cewa komi. Gaisuwa ba laifi ba ta."

Da dariyar ta lafa sai ta ce, "Amma don ɓarawo ya shigo ta ƙofa, ba a toshe ƙofa da laka a zauna ciki. Matakka ta fi ka hankali, ka gaya mata ni nic ce."

Ya ce zai gaya mata. Ya roƙe ta gafara, ta ce ba abin da ya yi mata, Allah Ya yi masa albarka. Ta tashi ta dama masa fura da nono mai kauri, ta tsaya a kansa sai da ya shanye.

Suna zaune ya yi mata alkawarin duk lambar gida da ta taɓa shi zai bi ta kamar da, illa dai yanzu zai riƙa buɗe ido ya duba farkonta. Ya karɓi lambar Ɗanmaliki da ta wani mai shago da ke bakin hanya kusa da gidan Inna ya ajiye da sunayensu. Ya kuma ce daga yau ba sai ta nema ba, shi ma zai riƙa kira a kai mata. Inna ta ce wannan kuma ruwansa, ita dai kada a sake kawo mata waya.

Da la'asar ta yi sanyi ya tashi tafiya. Ta rako shi har zaure. Sai ya tuna bai tambaye ta abu mafi muhimmanci ba.

Ya ce, "Inna, duk kiran ga da kika ta yi, mi kika son gaya mani?"

Ta ɗan yi tunani, da gaske take ƙoƙarin tunawa. Can ta ce, "Wallahi na mance. Ƙila ba komi." Ta gyara masa wuyan riga da ƙura ta ɓata. "Ai ba don magana nika kiranka ba, Auta. In ka ɗauka kac ce 'Inna', na san kana nan. Shi ke nan sai in koma ga aikina."

Dawuda ya sake durƙusawa, ta dafa kansa, sannan ya fita wajen Ɗanmaliki da ke jiransa.

Darasi: Kada gudun macuci ya sa ka rufe ƙofa ga masoyi, kuma kada kirki ya hana ka buɗe ido. Kafin ka bi kiran da ya yi ƙara sau ɗaya ya katse, dubi farkon lambar. Ta gida da sifiri take farawa, ko da +234. In ka ga wata daban kuma ba ka da kowa a can, ƙyale ta, mai nemanka da gaske zai sake kira ko ya turo saƙo. In ka riga ka kira ka ji ana ta ja maka rai ba a shiga magana ba, kashe nan take. Haka gajerun lambobin gasa da na "kira ka ci kyauta", kada ka taɓa su sai ka san abin da ake cira. Sannan wanda Allah Ya bar masa iyaye, kada ya jira sai sun yi masa filashin. Ku tura wa 'yan'uwa da abokan arziki wannan labari, musamman masu tsofaffi a ƙauye, wataƙila ku tsare wa wani katinsa, ku kuma tuna wa wani ya kira gida yau.